Innuendo ne gaba a albam ɗin Queen na ƙarshe-ƙarshe, ko tausayi ne kawai?

Sadiq Kawo: Jama'a ni dai a duk albam ɗin da Queen, ƙungiyar mawaƙan rok ta Ingila, suka fitar daga 1982 zuwa mutuwar mawaƙinsu Freddie Mercury babu wanda ya kamo ƙafar Innuendo. The Works na biyu, sai The Miracle, sai A Kind of Magic, Hot Space kuma can baya. Wanda bai yarda ba ya kawo hujja.

Kawu Bala: Sadiq ɗana tausayi ne ke maka magana. Innuendo ya fito a Fabrairun 1991, mutumin ya mutu 24 ga Nuwamba na shekarar, shi ya sa duk wanda ya saurara sai zuciyarsa ta karye ya ce babu kamarsa. Amma waƙar rok a gaban jama'a ake gwada ta. Ranar Live Aid, babban wasan tara tallafin yunwar Habasha, a Wembley, 13 ga Yulin 1985, minti ashirin da ɗan wani abu aka ba su, me suka ɗauko? Radio Ga Ga da Hammer to Fall suna ciki, duka daga The Works na 1984, mutum kusan 72,000 hannu sama suna tafi biyu-biyu a tare. Freddie bai taɓa rera ko waƙa ɗaya ta Innuendo a dandali ba tunda yawon wasansu na ƙarshe da shi 1986 ne.

Hauwa Zinder: Kawu da girmanka amma wannan ba laifin albam ɗin ba ne, ciwo ne ya hana. A ajiye zancen mutuwa gefe a saurari kiɗan kawai. Waƙar farko, ita ma sunanta Innuendo, ta kai minti shida da rabi, tana tafiya da nauyi sai a tsakiya komai ya lafa jitar Sifaniya ta shigo, Steve Howe na ƙungiyar Yes ne ya kaɗa, daga nan ganga ta dawo da ƙarfi, kuma duk tsawon nan sai da ta hau lamba ɗaya a Ingila. Sannan The Show Must Go On, Brian May mai jitarsu da kansa ya faɗa cewa ya ji tsoron ko Freddie zai iya ɗaga murya har can saboda yadda jikinsa ya yi, kuma ya ɗaga ɗin. A The Works wace waƙa ce aka sha wannan wahalar wajen gina ta?

Musty: Ni abin da ke ban haushi yadda kuke wulaƙanta Hot Space. Another One Bites the Dust ta yi lamba ɗaya a Amurka a 1980, to dan me ba za su bi hanyar disko da fonk ba, kuma Under Pressure da David Bowie a cikinsa take fa

Sadiq Kawo: Musty Under Pressure ai tun 1981 ta fito ita kaɗai, daga baya aka liƙa ta a ƙarshen albam. Cire ta ka gaya min me ya rage. An rage jitar Brian May an cika wajen da injin ganga, wlh rabin farko ba na iya kaiwa ƙarshensa.

Malam Idi: Ni The Works yana min ɗaci ta wani ɓangaren. A yawon wasan albam ɗin ne suka je wasa a wurin shaƙatawa na Sun City a Oktoban 1984 lokacin wariyar launin fata a Afirka ta Kudu, ana tsaka da ƙaurace wa ƙasar, har sunansu ya shiga jerin Majalisar Ɗinkin Duniya na waɗanda suka karya ƙauracewar. Ba na iya raba biyun.

Kawu Bala: Malam wannan gaskiya ne kuma ban kare su ba, sun yi kuskure babba. Amma hukuncin mutanen ne, waƙoƙin an riga an naɗe su kafin tafiyar.

Hauwa Zinder: To Made in Heaven na 1995 fa, ba wanda ya ambace shi?

Sadiq Kawo: Da gangan na bar shi Anti Hauwa. Sauran 'yan ƙungiyar ukun ne suka haɗa shi bayan mutuwar Freddie, wasu waƙoƙin ma daga albam ɗinsa na shi kaɗai na 1985 aka ɗauko aka sake musu kiɗa, Mother Love kuwa bai ƙarasa ba sai Brian May ya rera baitin ƙarshe.

Kawu Bala: A nan mun haɗu. Amma The Miracle da ka sa na uku, haba Sadiq, ban da I Want It All me ke ciki da zai wuce A Kind of Magic? Kawo min waƙa biyu.