Ɗana ba ya magana, amma yana samun natsuwa wurin kakansa lokacin lazimi: ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a ɓoye sunana.

Ina aure a wani ƙauye tsakanin Ringim da Taura. 'Ya'yana uku, na tsakiyan namiji ne, da damina mai zuwa zai cika shekara 6, kuma har yau bai taɓa buɗe baki ya ce "Inna" ba. Yana shekara ɗaya da rabi ya fara cewa "ruwa" da "zo", daga baya kalmomin suka ɗauke kamar an share su. Ji kam yana ji, don da zarar an tayar da injin niƙa a bayan gidanmu sai ya toshe kunnuwa ya durƙusa. Amma ki kira sunansa sau goma ba zai waiwayo ba. In ƙishi ya kama shi, hannuna yake ja har gaban randa ya ɗora shi a kan faifan, ba tare da ya dubi fuskata ba. Wuni yake yana jera ƙwallon aduwa a gindin bango, in wani ya taɓa guda ɗaya to ranar babu zaman lafiya.

An ce shafar aljanu ce. An yi rubutu, an yi hayaƙi, awakina biyu suka tafi a nan. Bara wani likita a birni ya ce otizim ne, wato lalurar da ke shafar magana da mu'amala da mutane, ya ce in riƙa yi masa magana sosai. Tun daga ranar bakina bai huta ba: "Wannan mene ne? Ce kofi. Kalle ni. Ce Inna." Shi kuwa ƙara gudu na yake yi.

Ga abin da ya sa na rubuto. Surukina, Baba Malam, ɗan Tijjaniyya ne, kullum bayan la'asar yana shimfiɗa buzunsa a ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida ya yi lazimi. Kun san mai lazimi ba ya magana da kowa sai ya idar. Wata huɗu ke nan yaron nan da kansa yake barin aduwarsa ya je ya zauna gefensa. Baba Malam yana jan carbi yana ɗan rausayawa, shi ma sai ya kama rausayawa, kafaɗarsu ɗaya. Wani lokaci ya ɗora tafin hannunsa a bayan tsohon, kamar yana sauraron sautin da hannu. Tsohon ba ya kallonsa, ba ya ce masa ci kanka. In ya shafa addu'a sai ya buɗe hannu, yaron ya sa nasa a ciki, su ɗan jima a haka.

Ni daga ƙofar madafa nake hango su, hawaye na zuba. Farin ciki ne, amma ba zan ɓoye muku ba, har da ciwon rai. Ni da na haife shi, nake wanke shi, ban taɓa samun wannan ba. Tsakanina da suruki akwai kunya, ba ni da bakin tambayarsa. Mutanen gida sun fara cewa yaron waliyyi ne, a ƙyale shi. Amma watan jiya ya kwana uku yana ihu yana buga kansa a bango, kowa ya ce abin nasa ne ya motsa, sai da ruwa ya fara fita daga kunnensa muka gane ciwon kunne ne.

Shin in daina yi masa magana ne in koma shiru kamar kakansa? Abin da nake gani tsakaninsu fahimtar juna ce, ko zuciyata ce ke yaudarata?

Wata ma'aikaciyar jinya, Dutse:
Wa alaikumus salam. Maman yara, sannu da ƙoƙari. Ta kan kunnen zan fara, don shi ya fi tsaya mini a rai. Yaron da ba ya magana, duk ranar da halinsa ya sauya farat ɗaya, ki ɗauka ciwo ne sai in an duba ba a gani ba. Kunne, haƙori, ciki (da yawa daga cikin irin waɗannan yara suna fama da taurin bayan gida saboda zaɓen abinci), tafin ƙafa ko ƙaya ce, sannan zazzaɓi. Ki koma a duba kunnen ko ya warke, a kuma yi masa gwajin ji na sosai. Akwai sashen kunne da hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, akwai kuma likitocin yara. In kin taɓa ganin ya ƙafe ido ya sandare, ko jikinsa na fizga, ki faɗa wa likita, don farfaɗiya ta fi yawa a cikin irin waɗannan yara.

Ba ke kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da otizim, kuma an fi gano shi a maza. Ɗaukewar kalmomi wajen shekara ɗaya da rabi zuwa biyu sananniyar alama ce. Ba laifinki ba ne, ba kuma allurar rigakafi ba ce: binciken 1998 da ya jawo wannan zargi a Ingila an janye shi a 2010 bayan an gano ba gaskiya a cikinsa. Babu ƙwaya ko jiƙo da ke cire otizim, kada a ƙara raba ki da dabbobinki.

Wani malamin Islamiyya, Gumel:
'Yata, Allah Ya ba ki ladan jinya. Harshe ni'ima ce, amma ba shi ne kaɗai ƙofa ba. A Suratu Ali Imrana, alamar da Allah Ya ba Annabi Zakariyya ita ce ya kwana uku ba ya yi wa mutane magana sai da nuni. Nana Maryamu ta yi bakancen shiru, da mutanenta suka tsare ta da tambaya sai ta nuna jaririn. A ƙarshen Suratul A'araf kuma an umarce mu da ambaton Ubangiji a cikin rai, da ƙanƙan da kai, ba da ɗaga murya ba. Duk wanda ya daɗe yana zikiri ya san akwai inda kalma take yin sirara, harshe na motsi amma abin da ke ƙirji ya fi ƙarfin a faɗe shi. Ina zaton surukinki a wannan wurin yake zama, shi ya sa ba ya neman komai daga yaron.

Sai dai ina jan kunnen mutanen gidanku. Abin da ke zuciyar yaron Allah ne kaɗai Ya sani, ba mu da hurumin naɗa shi waliyyi, kamar yadda ba mu da hurumin cewa aljani ne. Yaro ne, amana ne, yana jin ciwo. Kiransa waliyyi hanya ce mai sauƙi ta sauke nauyinsa daga wuya. Annabi Musa da kansa ya roƙi Allah Ya warware ƙullin harshensa don a fahimci maganarsa. Ki riƙe wannan addu'ar da ke Suratu Ɗaha, ki kuma riƙe asibiti.

Wani ɗan uwa:
Ni dai shawarata a koma wa ruƙiyya. Akwai masu kwantar da irinsu wata guda ko biyu.

Ma'aikaciyar jinyar:
Malam, addu'a a yi masa a gida, a gaban uwarsa. Amma yaron da ba zai iya faɗin abin da aka yi masa ba, ba a barin shi a hannun wani ya kwana, ko da dare ɗaya.

Wata malamar yara masu buƙata ta musamman, Kano:
Yaya, na karanta saƙonki sau uku. Zuciyarki ba ta yaudare ki ba. Yaron da ya bar aduwarsa, abin da ya fi so a duniya, ya taka da ƙafarsa ya je ya zauna gefen mutum kullum har wata huɗu, ya zaɓi mutumin ne. Kuma ba don ya fi son kakansa a kanki ba. Ki duba yadda zaman yake: lokaci ɗaya, wuri ɗaya, buzu ɗaya. Istigfari 100, salati 100, hailala 100, yau kamar jiya. Murya ƙasa-ƙasa. Gefe da gefe suke, ba fuska da fuska ba. Babu "kalle ni", babu jarrabawa. Tun 1943 da likita Leo Kanner ya rubuta bayanin yara 11 a Amurka, abin da ya lura da shi ke nan, tsananin son abu ya zauna yadda yake. Ga yaron da ƙarar inji ke shiga masa har ƙashi, kallon ido da tambaya a jere nauyi ne babba. Ke kuma, don so da bin umarnin likita, duk maganarki ta zama tambaya.

Likitan bai yi kuskure ba, bayani ne bai cika ba. Kada ki daina magana, ki rage ta, ki sauya mata fuska. A Ingila wajen shekarun 1980 wasu malamai biyu, Dave Hewett da Melanie Nind, sun tsara wata hanya ga waɗanda ba sa magana, tushenta shi ne babba ya bi yaro maimakon ya ja shi. Ki samu minti 10 a rana, ki zauna gefensa da naki ƙwallon aduwar, kada ki taɓa nasa. Ya jera, ki jera. Ya yi "mmm", ki maimaita da irin muryarsa, sannan ki yi shiru ki jira. Jiran nan shi ne aikin, kuma yana da wuya. Ranar da ya tsaya ya saurara ko za ki amsa, to hira ta fara.

Sauran wuni kuma kalma ɗaya a kan abu ɗaya, a daidai lokacinsa. Ya ja ki gaban randa, ki ce "ruwa", ki ba shi. Ba "ce ruwa" ba.

Inda zan tsaya da ƙarfi shi ne nan: shirun nan mai daɗi ba zai faɗa miki kunne na ciwo ba. Dole a ba shi hanyar faɗa. Ki fara da kayan gida, moɗa na nufin ruwa, cokali abinci, buta bayi, takalmi fita. Ki riƙa nuna masa kafin a yi, har ya fara kawo miki da kansa. Daga nan sai hotuna; akwai tsarin musayar hoto da aka fara a Amurka a 1985, yaro ya miƙa hoto a ba shi abin, a waya ma za ki iya ɗaukar hoton kayanku a wanke miki. In akwai kurma a garinku, ki koyi maganar hannu kaɗan wurinsa, kamar "ƙari", "ya isa", "ciwo". Mutane suna tsoron nuni zai hana baki buɗewa, bincike bai nuna haka ba. Don ciwo, duk sanda ya yi tuntuɓe ki taɓa wurin ki yi alamar, ke ma in kin ƙone a murhu ki yi a gabansa. Sai dai kada ki yarda wani ya riƙe masa hannu yana nuna haruffa ya ce ga abin da yake faɗa, an gwada wannan an ga mai riƙon ne ke magana.

Wata uwa, Ɗambatta:
Ƙanwata, nawa shekararsa 14. Kalmominsa ba su kai ashirin ba, kuma "Umma" ba ta ciki. Ba zan ce miki na daina so ba, har gobe in na ji ɗan maƙwabta ya kwaɗa wa uwarsa kira sai ƙirjina ya yi nauyi, kuma ba na son masu ce mini ai shiru ma magana ce, su da 'ya'yansu ke musu surutu. Amma ranar da mahaifiyata ta rasu, ina zaune a ɗaka bayan mutane sun watse, ya shigo ya jingina bayansa da nawa ya ƙi tashi har magariba. Duk masu gaisuwar nan babu wanda ya yi mini abin da ya yi. Ciwon ran da kika ce kina ji, kada ki ji kunyarsa. Ki dubi wanda yake ja zuwa randa: duk gidan nan hannun wa yake nema?

Mai tambaya:
Na gode, Allah Ya saka da alheri, na yi kuka da na karanta na yayata ta Ɗambatta. Maigida ya yarda za mu shiga Kano bayan kasuwar mako mai zuwa a duba kunnen. Na kuma aika ƙanwar maigidan ta tambayi Baba Malam me yake yi wa yaron, ya ce shi bai yi komai ba, wuri kawai yake matsa masa a buzu.

Kwana biyar ke nan ina zama gefensa da hantsi. Kwana uku na farko ko kallo ban ishe shi ba, bakina har ƙaiƙayi yake don son in yi magana. Jiya ina jera nawa sai na sa guda a karkace ban lura ba. Ya miƙo hannu ya gyara mini, ya koma kan nasa. Yau da na zo zama na tarar ya bar mini guda bakwai a wurin da nake zama.

Malama, moɗar ce ta ƙi. Da na nuna masa sai ya karɓa ya kifa ta ya sa a layin aduwar. In ci gaba da ita, ko in fara da buta?