Neman kalma: me za mu kira public key da private key da Hausa?

Jama'a 'yan kwamfuta na Zariya da kewaye, a taimaka da kalmomi uku: public key, private key, sai shi kansa aikin samar da su. Muna haɗa 'yar takardar koyar da Git (manhajar adana tarihin gyare-gyaren fayiloli) da SSH (hanyar shiga wata kwamfuta daga nesa cikin tsaro) da Hausa saboda yaran da ke zuwa ajin yamma a Samaru, kuma duk sanda aka iso nan sai harshe ya sarƙe kowa ya koma Turanci. Wasu sun riga sun kawo shawarwari, zan taɓo su a ƙasa.

Ga abin da ake magana a kai don wanda ba ɗan harka ba ma ya sa baki. Ka rubuta ssh-keygen -t ed25519 ka danna enta, kwamfuta za ta tambaye ka inda za ta ajiye da ko kana son ka sa mai kalmar sirri, kafin ka ƙifta ido fayil biyu sun faɗo cikin foldar .ssh, wato id_ed25519 da id_ed25519.pub. Mai .pub ɗin, wato public key, layi ɗaya ne tak, shi kake kwafa ka liƙa a GitHub (shafin ajiye ayyukan Git a intanet) ko a saba (kwamfutar da kake son shiga daga nesa), ko a bangon tashar Kwangila ka manna shi ba abin da zai same ka. Ɗayan kuwa, wato private key, ko amininka ba ka tura wa. Tare ake haifarsu amma daga mai .pub ba a iya lissafo ɗayan.

Diffie da Hellman suka fito da dabarar makulli biyun nan a 1976, shekara na zagayowa Rivest da Shamir da Adleman na MIT a Amurka suka kawo RSA, wata hanyar samar da irin waɗannan makullai. A RSA kwamfuta ke zaɓo manyan lambobi biyu waɗanda ba sa rabuwa sai da kansu ko da 1, ta ninka su. 61 sau 53 ko ɗan firamare zai ba ka 3233, amma miƙa wa mutum 3233 ka ce ya faɗo wa da wa aka ninka, sai ya ɗan yi gumi. To RSA mai bit 2048 lambar tata baƙi 617 ce.

Idan aka sa public key a injin fassara, "makullin jama'a" yake bayarwa, kuma wallahi ban yarda da shi ba. A kunnen Bahaushe abin da aka ce na jama'a ne ba shi da mai shi, kowa da rabonsa a ciki. Wannan kuwa naka ne kai kaɗai, nunawa kawai kake yi.

"Makullin sirri" na private key kuwa da farko ya yi min, sai dai mun riga mun ba fasuwad "kalmar sirri" kuma ta zauna daram a bakin mutane. Wani yaro a ajin da aka ce mai ya kiyaye makullinsa na sirri, ya ɗauka kalmar da ya rubuta ake nufi, ya riƙe ta gam a kansa, shi kuwa fayil ɗin id_ed25519 ɗungurungum ya turo shi guruf ɗin WhatsApp yana cewa Malam a duba min ko daidai ne. Dole aka goge aka sake sabo, aka je aka cire tsohon daga GitHub.

Malamin da ya ba da shawarar a kira makullan biyu "kwaɗo da ɗan makulli", Allah ya ƙara basira, ni ma na daɗe ina koyarwa da shi. Ka raba wa duniya kwaɗo a buɗe, kowa ya sa saƙo a akwati ya datse, kai kaɗai ke da abin buɗewa, yaro na ji ya gane. Amma Malam rabin aikin kaɗai ya ɗauka. Ed25519, irin makullin da muke sa yara su yi, ba ya kulle komai, sa hannu yake yi. Idan za ka shiga saba, naka na ɓoye ne ke sa hannu, ita kuma sabar ta duba da wanda ka liƙa mata ta tabbatar kai ne. To ina aka taɓa ganin kwaɗo yana tantance sa hannu? A bar shi a matsayin misali a aji, amma ba suna ba.

Wani dattijo daga cikin birni ya turo min "zahiri da baɗini". Ranka ya daɗe ta yi daɗi sosai, sai dai tana ƙamshin karatun zaure, yaro zai zaci wata ma'ana ce a lulluɓe cikin makullin alhali fayil ne kawai.

Ni dai inda na tsaya: makullin fili da makullin ɓoye. Fili da ɓoye tare suke tafiya a bakinmu tun asali, ba sai an yi bayani ba, kuma sunan da kansa na gaya maka inda za ka ajiye kowanne. Su biyun a haɗe kuma tagwayen makulli. Masu cewa mabuɗi na ji ku, amma je Sabon Gari ka ce mabuɗi ka ga, makulli kowa ke cewa.

Saura aikin samar da su. Wani ya ce "yanka makulli", a'a ɗan'uwa, wanda ya je wurin mai yankan makulli ai da tsohon yake zuwa a kwafo mai irinsa, abin da ake gudu kenan a nan. "Ƙera" nake so, sabo fil wanda ba na kowa ba, daga lambobin da kwamfuta ta zaɓo ba wanda zai iya hasashensu. Kuma ba ƙaramin abu ba ne wannan, a 2008 aka gano wani gyara da aka yi wa manhajar tsaro ta OpenSSL a Debian (wani nau'in Linux) tun 2006 ya lalata wannan zaɓen, makullan da za su iya fitowa na kowane iri suka koma dubu 32 da 'yan kai, abin da kwamfuta za ta bi ɗaya bayan ɗaya ta gwada, dole mutane suka yi ta sake nasu. Don haka ma nake hana yara shafukan nan masu cewa danna nan mu haɗa maka makulli, a kan laftof ɗinka za ka ƙera abinka.

Ga yadda layin zai fito a takardar, a karanta da ƙarfi a ji ko ya zauna: "Ƙera tagwayen makullinka, ka liƙa na fili a GitHub, na ɓoye kuma kar ya bar kwamfutarka."

Malama da ta tambayi fingerprint, wannan dogon layin mai farawa da SHA256 da ssh-keygen ke nunawa a ƙarshe, ina tsakanin "zanen yatsa" da "shaidar makulli". Na fi karkata ga na biyun tunda ba yatsa a maganar, amma ke kike koyar da Hausa, me kika gani?