Wace kalma za mu ba understeer? Misali da Lancia Fulvia

Mai Fassara: Jama'a, ana son a yi bayani da Hausa a kan Lancia Fulvia Coupé, ƙaramar motar Italiya mai ƙofa biyu da ta fito a 1965, amma kalmar understeer ta tsaya mana a wuya. Abin da take nufi: ka murza sitiyari a kwana, gaban mota bai bi gwargwadon murzawar ba, sai ya buɗe ya nufi bakin titi na waje. Kishiyarta oversteer, inda baya ne ke fita. Ni na kawo "ƙin kwana".

Bakaniken Gareji: Malam, "ƙin kwana" a baki ya yi, a rubuce kuwa mai karatu zai ɗauka baƙo ne ya ƙi kwana a gida. Kafin a raɗa wa abu suna a san daga ina ya fito. Injin Fulvia silinda huɗu ne masu siffar V, amma matsattsiyar V ce ƙwarai, digiri 12 zuwa 13 a yawancinsu, har kan silinda guda ɗaya ya rufe layukan biyu. Kamshaf biyu ne a sama, ɗaya na bawul ɗin shiga, ɗaya na fita. An kwantar da injin digiri 45, an dasa shi a gaban tayoyin gaba, giyabos a bayansa, kuma tayoyin gaban ne ke jan motar. To ka ga nauyi ya taru a goshi. Taya biyu ne ke ɗauke da shi, su ke ja, su ke juyawa, su ke shan mafi yawan birki. Riƙon da taya ke yi wa ƙasa kuwa yana da iyaka. Abin da totur ya ci, sitiyari ya rasa.

Baban Zainab: Me zai hana mu ɗauko daga wajen mahaya? "Ƙin linzami". Ka ja doki dama, ya kafe ya miƙe.

Injiniya: Baban Zainab, hoton ya yi kyau, ina sonsa ma a cikin labari. Sai dai dokin da ya ƙi linzami laifin a kansa yake, kuma mai karatu zai zaci sitiyarin ne ya yi tauri ko ya cije. A nan sitiyari lafiyarsa lau, tayoyi sun juya, ƙasa ce ba su kama ba. Wannan dalilin ne ya sa "taurin sitiyari" ma ba zai yi ba, wata cuta ce daban.

Mai Fassara: To "zamewar gaba" da "zamewar baya" fa?

Injiniya: Mun kusa. Amma abin yana farawa tun kafin taya ta zame. Kowace taya a kwana robarta na ɗan murɗewa, sai inda take tafiya ya saɓa kaɗan da inda ta fuskanta. In saɓanin gaba ya fi na baya, understeer ke nan ko da ba a ji ƙarar taya ba. Zamewa ƙarshen lamarin ne kawai. Ni "zarcewa" na zaɓa: mota ta zarce layin da direba ya nufa. Fi'ili ne mai sauƙin sarrafawa: tana zarcewa, ta zarce, a rage mata zarcewa.

Bakaniken Gareji: Oga Injiniya, na karɓa. Bari mu gwada ta a kan aiki. Fulvia 1.6 HF, mai inji cc 1584 da giya biyar, an gyara ƙafar gabanta yadda saman tayoyin ya ɗan karkata ciki. A kwana, idan bodi ya kwanta, tayar waje sai ta zauna daram da faɗinta duka, zarcewa ta ragu. Ga shi jimlar ta zauna. A tsohuwar Fulvia kuma abin da ke ƙara zarcewa sananne ne: sifirin gaba guda ɗaya ne da ya ratsa daga hagu zuwa dama, in ya gaji gaba ya zauna ƙasa, saitin taya ya ɓaci. Inji, giyabos da ƙafar gaba duk a kan ƙaramin firam ɗaya suke, in tsatsa ta ci wurin ɗaurinsa ko robobinsa sun mutu, saitin ba zai tsaya ba. A fara da duba iskar taya, sannan shokazoba, sannan robobi, kafin a taɓa saiti.

Direban Tsauni: Ku ƙara da ɓangaren direba. Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙara murza sitiyari idan mota ta fara zarcewa, alhali tayar ta riga ta kai iyakarta. Sassauta totur ake yi a hankali, nauyi ya dawo gaba, a ɗan warware sitiyari, sai ta kama. 'Yan tseren ƙasashen arewacin Turai kuma sun shahara da taka birki da ƙafar hagu, ta dama tana kan totur, don bayan mota ya fita kaɗan ya juyo da goshi cikin kwana. Harry Källström na Suwidin ya ci tseren RAC na Birtaniya da Fulvia a 1969 da 1970. A Janairun 1972 Sandro Munari da Mario Mannucci suka ci na Monte Carlo da Fulvia mai lamba 14, a gaban Porsche 911 wadda ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma Lancia ta ɗauki kofin kamfanoni na wannan shekarar. A kan ƙanƙara nauyin nan na goshi shi ya danne tayoyin da ke ja.

Baban Zainab: Saura kishiyar. Porsche ɗin injinta a baya yake, ita bayanta take wurgarwa.

Injiniya: "Jefa baya". Direbobi ma haka za su faɗa: ta jefa baya a kwana.

Mai Fassara: Na rubuta su: zarcewa da jefa baya. Karon farko a cikin rubutu za a ce "zarcewa a kwana" don kada a ɗauka wuce tasha ake nufi, daga nan sai a bar ta ita kaɗai.