Ciwon dajin hanji: shawarar likitoci kan COX-2 da asfirin

A wata tattaunawa da aka yi da likitoci kan ciwon dajin hanji, an fi daɗewa kan COX-2, sinadarin enzayim da ke ƙaruwa a naman da dajin hanji ya kama fiye da lafiyayyen da ke gefensa. Tunda asfirin na danne aikinsa, wasu suka tambaya ko a fara shan sa don kariya daga ciwon. Likitocin suka ce kada kowa ya sha da kansa, domin yana iya jawo zubar jini a ciki. Masu ciwon Lynch na gado, wanda ke ƙara haɗarin kamuwa da dajin hanji, su ne aka fi ba asfirin, su ma da sa idon likita.

Kafin a fara 5-FU kuma, wani maganin ciwon daji, a nemi gwajin DPD, enzayim ɗin da ke narkar da maganin a jiki, don wanda jikinsa ke da ƙarancinsa maganin na iya yi masa mummunar illa.