Taƙaitawa: shawarwari kan koyon juyi mai tsananin karkata a ƙaramin jirgin sama

Ga abin da na tattaro daga wata doguwar tattaunawa da aka yi kan yadda ɗalibin tuƙin jirgi zai ƙware a wannan juyi.

1. Baki ya zo ɗaya cewa kafin a fara, ɗalibi ya duba sararin da ke kewaye da shi, ya kuma zaɓi wata alama mai nisa da zai dawo yana fuskantarta bayan ya zagayo.

2. Mafi yawa sun ce ido ya fi zama a waje, inda hancin jirgi ya yanki layin da sama ta haɗu da ƙasa, domin mai kafe ido a kan na'urori yakan yi ta hawa da sauka. Matuƙin da ke kujerar hagu zai ga hancin kamar ya ɗaga idan ya juya hagu, kamar ya sunkuya idan ya juya dama.

3. Da zarar karkata ta wuce digiri 30, sai a ƙara jan sitiyari da ɗan ƙarfin inji, saboda a digiri 45 nauyin da fikafikai ke ɗauka yana ƙaruwa da kusan kashi 41 cikin ɗari, a digiri 60 kuwa yana ninkawa. Idan jirgi ya soma gangarowa, a fara rage karkata kafin a ja, kuma wannan ce shawarar da na fi ba muhimmanci.

4. An rabu kan wilin sassauta nauyin sitiyari: wasu malamai na so a murza shi, wasu na ganin yana sa hanci ya yi tsalle wajen miƙewa, wato lokacin daidaita fikafikai a ƙarshen juyi.

5. A fara miƙewa saura kimanin digiri 20 a kai alamar, ana sassauta ja a hankali.