Neman kalma: wane suna za mu raɗa wa "shell stitch" a saƙar kwarashi?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu saƙa, da malaman Hausa da ke leƙo mu jefi-jefi. Yau da buƙata na zo. Akwai wani salon saƙar kwarashi da Turawa ke kira shell stitch, ina neman sunansa da Hausa. Ina da wanda zuciyata ta karkata gare shi, amma bari in fara da abin da ya jawo maganar.

Ƙanwata nake koya wa saƙa. Ta iya sarƙa, ta iya gajeren ɗauri da dogo, hannunta ya fara faɗawa. Ranar da muka iso kan wannan salon sai bakina ya tsaya cak. In ce mata "yi shel a nan", ta ɗago kai ta dube ni. In karɓi kwarashin in yi mata, ta gane. Mu je sahu na gaba in sake cewa "shel", ta sake tsayawa. Kalmar ba ta nuna mata komai, sauti ne kawai ke wucewa ta kunnenta. Abin ya tsaya mini a rai, don na san ba hannunta ne ya gaza ba, ni ce ban ba ta abin riƙewa ba.

Kada wani ya ɗauka ina ƙyamar aro. Shi kansa kwarashi ai baƙo ne. Asalinsa kalmar Faransanci ce mai nufin 'yar ƙaramar ƙugiya, Ingilishi ya ara, mu ma muka ara, bakin Hausa ya sarrafa ta har ta zauna daram. Kwarashi sunan abu ne da za ki ɗaga ki nuna, duk sunan da aka kira shi ya wadatar. Shi kuwa shell kwatance ne. Wanda ya raɗa sunan cewa yake yi "dubi saƙar nan, ta yi kama da abu kaza". In muka ari sautin muka bar kamannin a can, mun ɗauko buhu mun bar kayan ciki.

To da me ta yi kama? Ga wanda bai san salon ba: dogayen ɗauri ne guda biyar, duk a soka su cikin ido ɗaya, wato rami guda na saƙar da ke ƙasa. Tunda gindinsu a matse yake wuri guda, kawunansu sai su baje, su yi rabin da'ira. A kafe gefe da gefe da gajeren ɗauri, a sake wani. Abin da Bature ya hango shi ne ƙoƙon wata halittar teku mai murfi biyu, wanda ke da tsaga-tsaga da suka taso daga gindi ɗaya suka bazu zuwa baki. Duk wanda ya san tambarin kamfanin mai na Shell, mai launin rawaya da ja, to ya ga ƙoƙon da ake nufi.

Na fara da fassara kai tsaye, kamar yadda kowa zai fara.

Ɓawo da kwasfa ban daɗe a kansu ba. Abin da aka ɓare aka zubar ne, kuma ba su da wata siffa guda da za ta zo wa mai ji a ido. Wuri, wanda ake kuɗi da shi a da, shi ma haka: dunƙulalle ne mai tsaga ɗaya a ciki, babu abin da ya baje.

Katantanwa ta fi jan hankali, don da yawa ita za su fara kawowa in an ce shell. Amma katantanwa murɗaɗɗiya ce, tana zagaya kanta. In na ce wa mai koyo "saƙar katantanwa", abin da za ta zata shi ne saƙar da ake farawa daga tsakiya a yi ta zagayawa ba tare da an rufe kowane zagaye ba, irin yadda ake saƙa 'yar tsana ko gindin jaka. Wannan salon ma yana nan yana jiran suna, kuma katantanwa ta dace da shi tamkar don shi aka yi ta. Ina roƙon mu ajiye masa ita, kada mu ɓata ta a inda ba ta shiga.

Wadda ta fi ba ni wahalar saki ita ce ƙumba. A fassara ita ce mafi kusa, domin bayan farce, ƙumba tana nufin ƙoƙon nan na halittar ruwa mai murfi biyu. Gajeriya ce, tana da daɗin faɗi, "saƙar ƙumba" ta zauna a baki. Har kwana biyu ina kiranta haka ni kaɗai. Da na gwada wa ƙanwata sai ta dubi yatsunta. Kuma ba ta yi kuskure ba: a kunnen yawancinmu yau ƙumba farce ce, ma'ana ta biyun sai an yi bayani. Sunan da sai an yi masa bayani kafin ya yi aiki, da shi da "shel" duk ɗaya ne a wurin mai koyo. Ga kuma wani abu: ƙumbar kogi doguwa ce mai santsi, ba ta da tsagogin nan da suka taso daga gindi ɗaya, alhali su ne ran salon gaba ɗaya.

Daga nan na daina bin kalmar Turanci, na koma na zuba wa saƙar ido. Me ke da gindi ɗaya, tsinkaye da yawa, in an buɗe shi ya yi rabin da'ira?

Mafici.

Irin na naɗewa nake nufi, wanda tsinkayensa ke haɗe da ƙusa ɗaya a ƙasa. Na ce wa ƙanwata, "Ki buɗe mafici a ido na uku." Ba ta ɗago kai ba. Ta soka, ta soka, ta soka, har biyar, ta ce, "Yaya, na kafe?" Na ce kafe. Ranar sai da ta yi sahu shida ban karɓi kwarashinta ko sau ɗaya ba.

Kuma ba ni ce na fara ganin wannan kamanni ba. A Faransanci da Sifaniyanci ana kiran salon da sunan ƙoƙon teku, ana kuma kiransa da sunan mafici. Larabawa masu saƙa ma suna da sunayen biyu. Su kansu masu Ingilishi suna da fan stitch, wato saƙar mafici, kuma sau da yawa abu ɗaya suke nufi da sunayen biyu. Ke nan hotuna biyu ne ke yawo a duniya a kan saƙa ɗaya. Waɗanda teku ke kusa da idonsu sun ga ƙoƙo. Ba dole sai mun bi wancan ba tunda ga ɗayan a hannunmu.

Bari in gwada sunan a cikin aiki, don a nan ake gane kalma mai ƙwari.

Ki yi sarƙa mai ninkin 6, ki ƙara 2. Misali 26, za ta ba ki mafici huɗu. Sahu na farko: gajeren ɗauri a ido na biyu daga kwarashi. Tsallake 2, buɗe mafici mai biyar a ido na gaba. Tsallake 2, kafe da gajere. Haka har ƙarshe. Sahu na biyu: sarƙa 3, juya, ƙara dogo 2 a idon farko, kin sami rabin mafici ke nan. Sai ki kafe a kan tsinken tsakiya na maficin ƙasa, ki buɗe sabon mafici a kan gajeren da ke cikin kwarin da ke tsakanin mafitai biyu. Ki rufe sahun da wani rabin mafici, dogo 3. Sahu na uku: sarƙa 1, juya, gajere a idon farko, mafici a kwari, kafi a tsakiya. Daga nan sahu na biyu da na uku za ki yi ta maimaitawa.

Ku duba abin da sunan ya haifa ba tare da na tilasta shi ba: buɗe mafici, rabin mafici, tsinken tsakiya, gindin mafici. Ku gwada da ƙumba ku ji. Tsinken ƙumba? Ba ta da shi.

Tunda mun zo nan, bari in tsaya kan lissafin, don a nan masu koyo suka fi tuntuɓe, kuma ni ma a nan na fi daɗewa. Me ya sa ake tsallake 2? Ƙirga abin da kika ɗora a sama: dogo 5 da gajere 1, shida. Ƙirga abin da kika cinye a ƙasa: 2 da kika tsallake, 1 na gindi, 2 kuma, 1 na kafi, shida. Sama da ƙasa sun zo daidai, shi ya sa saƙar ke kwanciya sumul. In kika tsallake 1 kawai, sama ya fi ƙasa yawa, bakin ya dinga tattarewa yana igiyar ruwa. In kika tsallake 3, ƙasa ya fi yawa, maficin ya ɗame, saƙar ta tsuke. Mai bakwai yana son a tsallake 3, sarƙarsa ninkin 8. Mai uku yana son a tsallake 1, ninkin 4. Ita ma lambar mara da ake zaɓa, 3 ko 5 ko 7 ko 9, dalilinta ɗaya: a samu tsinke guda a tsakiya da za a kafe a kansa. Mai huɗu ko mai shida sai dai ki kafe a tsakanin tsinkaye biyu. Wadda gefen saƙarta ke tafiya a karkace kuwa, ta duba rabin maficin ƙarshen sahu, galibi shi ta manta, ko ta ƙi ƙirga sarƙa ukun nan a matsayin tsinke.

Na dawo. Na karanta amsoshinku, na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci.

Malam, Allah Ya ƙara basira, na ji gyaranka cewa mai fassara amana ke hannunsa, kada ya canja abin da aka faɗa. Na yarda da wannan in magana ce ta wani ake juyawa. Amma a nan ba maganar Bature muke fassarawa ba, saƙa muke raɗa wa suna, kuma saƙar tana gabanmu, idonmu na ganinta kamar yadda nasa ya gani. Amanar da ke wuyana ta yarinyar da ke riƙe da kwarashi ce. Batun rubutu kuma da ka tayar, mafici ko mafifici, duka ana faɗi. Na ɗauki gajeren don a tsarin saƙa za a rubuta shi sau talatin a shafi ɗaya.

Anti da ta ce "fure" take kiransa tun da ta koya, ranki ya daɗe, ba na jayayya da abin da bakinki ya saba. Damuwata ɗaya, a kwarashi muna saƙa fure na ainihi mai zagaye, wanda ake liƙawa a hula ko riga. In wannan ma fure ne, ranar da za a ce a yi fure da mafici biyar a zagaye, harshe zai harɗe.

'Yar uwar da ta kawo "wutsiyar ɗawisu", wallahi sunan ya yi kyau, har na yi ta maimaita shi. Sai dai ya yi tsawo a aikin yau da gobe. Akwai manyan mafitai masu tsinke tara zuwa sama, masu dogayen ƙafa, da ake yi a mayafi. Ina ganin su suka cancanci wannan suna. Shi kuwa "tafin hannu" da ƙanina ya kawo, saboda yatsu biyar, yana rushewa da zarar an zo mai bakwai.

Tambaya mafi nauyi ita ce ta Hajiya: in mun ba shell mafici, me za mu kira fan idan littafi ya bambanta su? Hajiya, inda ake bambantawa, yawanci a girma ne ko a giɓi: wani cike yake, wani ana sa sarƙa tsakanin tsinkayensa iska na wucewa. Hausa ba ta rasa yadda za ta faɗi wannan. Cikakken mafici, mafici mai giɓi, sai a bi da lamba: mai biyar, mai bakwai. Wannan ma ya fi nasu fayyace abu. Kada mu manta su kansu ba su daidaita ba. Dogon ɗaurin da Amurka ke kira double, a Ingila treble ne, kuma double na Ingila shi ne gajeren da Amurka ke kira single. Mai koyo ta bi bidiyon can da tsarin nan, ta yi mafici da gajerun tsinkaye, ya ƙi buɗewa, ta zata ita ce ba ta iya ba. Gajere da dogo namu ba su da wannan rikici, ido na ganin wane ne wane.

Saboda haka ni na tsaya a nan: sunan salon saƙar mafici, guda ɗaya mafici, jam'i mafitai.

Daren jiya ƙanwata ta kawo mini hoton wani bargo mai da'ira-da'ira, tana tambayar yadda ake yi. Na nuna mata: rabin sama na kowace da'ira maficinmu ne, rabin ƙasa kuwa akasinsa, dogaye ne da suka taso daga idanu daban-daban aka tattara kawunansu aka ɗaure wuri ɗaya. Ban kai ga neman abin da zan kira shi ba ta ce, "Au, Yaya, kifaffen mafici ke nan." Na rubuta shi a littafin tsarina yadda ta faɗa.