Bakana na farko ya karye a inci 24, ku ba ni labarin naku

Sabon Shiga

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu sassaƙa. Jiya da daddare bakan da na kwashe mako uku ina fama da shi ya karye a hannuna. Ƙarar kamar an harba bindiga, wani ɓari ya dake ni a goshi, Allah dai ya tsare ido. Itacen ni na saro shi wata biyu da suka wuce, na tsaga shi huɗu, na zaɓi wanda ya fi miƙewa, na sassaƙe da gizago na bi da magagari. Tsayinsa inci 60, niyyata in ja shi har inci 28. Tun da na ɗaura tsirkiya na ga hannun sama ya fi na ƙasa lanƙwasa, na ce idan ya sha ja zai daidaita da kansa. Ina kai inci 24 ya ce ga garinku nan. Ta baya ya karye, kamar taƙi ɗaya daga mariƙi, daidai wani ɗan gurbin reshe da na goge ya yi sumul. Don Allah duk wanda ya taɓa yin baka ya faɗa mini yadda na farkonsa ya ƙare, ko na ji sanyi a raina.

Baba Mai Gizago

Wa alaikumus salam. Sannu yaro, Allah ya ƙara tsarewa. Nawa na farko bai karye ba, abin da ya yi ya fi karaya ban haushi. Ɗanye na sassaƙa shi, don ɗanyen itace yana da daɗin aiki, wuƙa tana shiga kamar ana fere rogo. Ya lanƙwasa gwanin kyau, na yi ta nuna wa mutane. Kwana uku da harbi, na kwance tsirkiya, baka ya ƙi miƙewa, ya tsaya a tanƙware kamar lauje. Kibiya kuwa sai ta tafi taku ashirin ta faɗi kamar mai jin barci. Ana cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, to gaskiya ne, amma idan ya tanƙwaru ba ya dawowa, shi kuwa baka dawowar ce dukan aikinsa.

Yanzu idan na saro itace, a ranar nake tsaga shi, in shafe bakin nan biyu da gam ko kakin zuma, don ta nan ruwa yake saurin fita har itacen ya dare. In jingine shi a inuwa, inda iska take wucewa, ba a ƙasa ba saboda gara. Ƙa'idar da aka saba ji ita ce shekara ɗaya ga kowane inci ɗaya na kauri. Ni dai sikeli nake bi: ina auna shi lokaci-lokaci ina rubuta nauyin a jikinsa da fensir, sai na ga ya daina raguwa sannan in taɓa shi.

Amma ba ɗanyantaka ce ta karya naka ba, gurbin reshen nan ne. Baka fuska biyu gare shi. Wadda take kallonka idan ka ja, ita ce ciki, matsewa take yi. Wadda take kallon abin harbi, ita ce baya, miƙewa take yi kamar igiyar guga. Jijiyoyin itace idan sun iso gurbin reshe kewaye shi suke yi, kamar ruwa ya tarar da dutse. Da ka goge tudun nan, jijiyoyin ka yanke. Ni idan na ga gurbin reshe a baya ban taɓa shi, har ƙarin faɗi nake bar masa ta gefe, ya zauna da ƙullutunsa. Muni ne a ido, amma ba a nan zai karye ba.

Kafinta

Baba ya gama magana kan baya, ni ne shaida. Shekarata goma sha ina aikin katako, na shigo harkar baka da girman kai. Na ja layi miƙaƙƙe da igiya, na bi da zarto, na goge fuska huɗu da samfefa har kana ganin fuskarka. Ja na uku wata 'yar sartse ta ɗaga a baya, ƙaf, kamar an karya tsinken sakace. Na ce ƙarama ce, na ƙara ja. Sauran labarin irin naka ne.

Abin da na gane daga baya: tsagawa ta fi yanka da zarto, domin tsaga tana bin jijiya, zarto kuwa ba ruwansa. Idan jijiyar ta karkata kamar maciji, layinka na tsakiya ma ya bi ta, muddin kan nan biyu da mariƙi sun hau layi ɗaya tsirkiya za ta zauna daidai. A itatuwa irin su hikori da elm, ɓare ɓawo kawai ake yi a hankali, fuskar da ta bayyana ita ce bayan baka, ba a sake sa mata ƙarfe.

Sai dai Baba, a gafarce ni, batun jiran shekara ban bi ka ba. Ni tun yana ɗanye nake rage shi ya kusa siffar baka, in ɗaure shi a jikin miƙaƙƙen katako kada ya murɗe, cikin 'yan makonni ya bushe tunda ya yi siriri. Abin da ban yi shi ne lanƙwasa shi kafin sikeli ya tsaya.

Baba Mai Gizago

Ba mu saɓa ba, Malam Kafinta. Hanyarka tana yi. Ni tsufa ne ya sa nake da itacen bara da na bara waccan a jingine, ban da abin gaggawa.

Malamin Lissafi

Ni nawa kankara ce ta cinye shi. Na nufi baka mai nauyin ja kilo 20, na ƙare da na wasan yara. Hannun ƙasa ya yi tauri, na kankare. Sai na sama ya zama shi ne mai tauri, na koma can. Haka na yi ta kai da kawo kamar rabon biri, har itace ya ƙare.

Abin kunyar, lissafin da nake koyarwa ne ya kama ni. Idan ka ninka faɗin hannun baka, taurinsa sau biyu yake ƙaruwa. Idan ka ninka kaurinsa, sau takwas. Ke nan ɗan abin da ka kankare daga ciki, wanda ido ba ya gani, yana iya zubar da kilo biyu ko uku. Tun daga nan, da zarar baka ya fara lanƙwasa nake ajiye magagari, in koma bakin wuƙa, ina ƙirga kankara: goma a nan, in tsaya. Sannan in ja shi kaɗan-kaɗan sau ashirin ko talatin kafin in duba, don itace ba ya nuna abin da aka yi masa nan take.

Ɗan'uwa Sabon Shiga, wurin da ka ce ka ga hannun sama ya fi lanƙwasa ka ci gaba, nan ne ya kamata ka tsaya cak. Wurin da ya fi rauni shi yake ɗaukar dukan wahala, ja kuma ƙara masa rauni yake yi. Ka sa masa alama da fensir kada ka taɓa shi, ka kankare sauran wuraren har su zo su taya shi. Ni a bango na kafa maratayi, na sa igiya da sikelin rataye, ina ja daga nesa ina kallon dukan bakan, ga layuka na zana a bayansa. Kuma ban taɓa wuce nauyin da na nufa ko da a inci 10 ne. Idan sikeli ya nuna kilo 20 a inci 15, a nan nake tsayawa in ƙara kankara, in samu inci 16, haka har 28.

Tsayin naka ma ya yi kaɗan. Ga mai mariƙin da ba ya lanƙwasa, ninka tsawon janka ka ƙara kamar inci 10. Naka 66 ko 68 ya kamata.

Anti Mai Kibiya

Ku naku a wajen aiki ya mutu, nawa sai da ya gama kyau. Na uku ne a hannuna, na farko da ya rayu. Na shafe shi da mai da kaki, na yi harbi da shi wata biyar. Ni gajera ce, jana inci 25, a nan na daidaita shi. Ƙanin maigidana ya zo, dogo ne, ya gan shi a ɗane, kafin in ce kada, ya ja har bayan kunne ya saki, ba ko kibiya. Bai karye a take ba, washegari na ga tsaga a kan sama, wajen gurbin tsirkiya. Ƙarfin da kibiya za ta tafi da shi ne ya koma jikin itacen. Ya yi ta ba da haƙuri, na ce ba komai, amma Allah ya sani kwana biyu ban yi masa dariya ba. Yanzu da na gama harbi nake kwance tsirkiya, kuma na rubuta tsawon ja da nauyi a jikin mariƙi.

Mai Karance-karance

Ni karatu ne ya ja mini. Na karanta labarin Mary Rose, jirgin yaƙin Sarki Henry na 8 na Ingila da ya nutse a 1545 aka tsamo shi a 1982, aka samu cikakkun bakuna 137 a cikinsa, tsayinsu kusan mita biyu, da yawa an ƙiyasta nauyin jansu ya haura kilo 45. Sirara ne, masu kauri, cikinsu a mulmule. Na ce irin wannan zan yi. Abin da ban lura ba, na itacen yiw ne, wanda farin sashensa na waje yake jure miƙewa, jan sashensa na ciki yake jure matsewa, kamar an halitta shi don baka. Mutumin nan Otzi da aka samu cikin ƙanƙara a tsaunukan Alps a 1991, mai shekara wajen 5,300, shi ma bakansa na yiw ne, inda ya burge ni kuwa bai gama sassaƙa shi ba ajali ya riske shi.

Nawa itacen ba yiw ba ne, na tilasta masa siffar da ba tasa ba. Bayan harbi kamar ɗari sai ga wasu siraran layuka sun gitta cikin bakan, kamar an ja gashi. Na sa farce na ji su. Cikin ne ya murƙushe, mulmulallen ciki yana tara matsi a siririn layi ɗaya. Da na koma na duba bakunan Holmegaard na Denmak, masu shekara wajen 9,000, na ga na elm ne, hannuwansu faffaɗa, cikinsu a shimfiɗe. Na bi wannan siffa da ragowar itacen nan dai, faɗin inci biyu kusa da mariƙi, yana tsukewa zuwa kai. Shekararsa huɗu yanzu ina harbi da shi.

Sabon Shiga

Na gode ƙwarai, wallahi har na yi dariya. Baba, na ɗauko ɓarin na duba da fitila, maganarka ce: daga gefen gurbin reshen sartsen ta tashi, ta bi har tsakiya. Sauran ukun da na jingine, biyu sun dare ta baki tunda ban shafe su ba, ɗaya darewar ta shiga kusan taƙi guda. Na ukun lafiya lau, tsayinsa inci 70, amma yana da gurbin reshe biyu kuma ya ɗan karkata. Na shafe shi da gam yau da safe, na auna, kilo 3 da ɗoriya, na rubuta a jikinsa. In rage shi yanzu irin na Malam Kafinta, ko in bar shi?

Baba Mai Gizago

Rage shi, amma ka bar kauri kamar inci ɗaya a hannuwa, bayan kuma ka shafe shi da gam shi ma idan ka ɓare ɓawon. Biyun da suka dare kada ka kai su murhu. Yanke wurin darewar, ka koyi kankara a kansu kafin wancan ya bushe. Idan sikeli ya tsaya mako biyu a lamba ɗaya, ka turo mana hotonsa ta gefe kafin ka ɗaura tsirkiya.